Sola ta bashi a Damagaram: panno ya isa, batir ne bai isa ba

Haɗin da ake yawan tallata wa mai shago a Damagaram, daga Kasuwar Dole zuwa Sabon Gari, kusan iri ɗaya ne ko da mai sayarwa ya bambanta. Panno huɗu ne masu wat 450 kowane, da ondila mai kVA 3 da ke aiki da bolt 24 (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ita ce ƴan Kano ke ce wa inbata), sai batir: ko litiyom guda ɗaya mai amfiya-awa 100, ko na jel guda biyu masu amfiya-awa 200. A ɗora waya a kai, da ƙarafen ɗaurawa, da kuɗin aiki. Mai saye ya ba da wani kaso a hannu, saura ya biya wata-wata cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ta banki, ta asusun ƙananan rance, ko kai tsaye wurin mai kayan. Alƙawarin da ake yi masa shi ne firiza ɗaya, fanka biyu, ƙwan fitila biyar, talabijin da cajin waya, dare da rana, babu ruwansa da ɗaukewar kuran.

Da rana wannan haɗin yana cika alƙawari har da rara. Da dare ba ya cikawa, kuma ba ƙura ko zafi ne suka fara jawo haka ba, lissafin ne tun farko bai kai ba. Duk da haka ba mu ce kada a saya ba. Kaya ne masu amfani ga wanda ya san iyakarsu kafin ya sa hannu a takarda.

Ba sai an faɗa wa mutumin Damagaram abin da ya sa kasuwar sola ta buɗe ba. Kafin 2023, mafi yawan wutar da garin ke sha tana zuwa ne daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa, wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Da aka yanke wutar a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai a watan Maris na 2024 ta dawo, kuma a wancan tsakanin duk mai sana'ar sanyi ya ga abin da dogaro da waya ɗaya ke haifarwa. Manyan tashoshin rana da aka gina da kuɗin bankunan raya ƙasa kuwa suna nesa da mu. Ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018 da rancen bankin Exim na Indiya, tana jihar Tawa. Ta Gorou Banda mai megawat 30, wadda ta ci kusan sefa biliyan 20 na rancen hukumar raya ƙasashe ta Faransa da tallafin Tarayyar Turai, ta fara aiki a ƙarshen 2023, amma Yamai take haskawa. Dam ɗin Kandaji mai megawat 130 har yanzu ana jiransa. Abin da ya iso hannun mai shago a Zango ko Garin Malam daga wannan kuɗi ba tasha ba ce, kwali ne mai panno a ciki da takardar bashi.

Yadda kuɗin ke saukowa ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne ke bayyana abin da ake gani a shago. A 2017 Bankin Duniya ya amince da shirin NESAP na kusan dalar Amurka miliyan 50 domin wutar rana a Nijar, kuma wani sashe nasa layin rance ne da ake bi ta bankunan cikin gida a ba masu shigo da kayan sola da masu saye. A shekarar ce kuma gwamnati ta fitar da jerin kayan makamashi mai sabuntuwa da aka yafe wa kuɗin duwan. A ƙarshen 2021 aka biyo da shirin Haske, na fiye da dalar Amurka miliyan 300. Irin rancen da IDA, reshen Bankin Duniya mai tallafa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ke ba ƙasashe kamar tamu a wancan lokaci mai sauƙi ne ƙwarai: shekara 38 na biya, shida na farko ba a taɓa uwar kuɗi, ladan hidima kashi 0.75 cikin ɗari a shekara. To amma kafin kuɗin ya bi ta baitulmali, ya shiga banki, ya isa ga mai shigo da kaya, ya sauka kan mai shago, shekara 38 ta koma wata 24, kuɗin ruwa kuma ya ninka sau goma ko ashirin. Ba zalunci ne kawai ya kawo haka ba. Banki na tsoron wanda ba zai biya ba, kuma panno da aka ɗaure a rufin wani ba jingina ce mai sauƙin ƙwacewa ba. Sai dai sakamakon a bayyane yake. Tunda wa'adin gajere ne, dole kuɗin wata ya zama wanda mai shago zai iya ɗauka, kuma wurin da ya fi sauƙin ragewa a cikin haɗin shi ne abu mafi tsada, wato batir. Panno ya yi araha a duniya, don haka ake cika maka rufi da shi, a ba ka ma'ajiyar da ba ta kai rabin dare.

Ga lissafin, kowa ya ɗauki biro ya bi. Ma'aunin shi ne kilowat-awa, wanda kontar NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na ƙasa, ke ƙirgawa. Firiza mai lita 300 tana jan wat 120 zuwa 150, kuma a zafin Afrilu da Mayu, idan ana zuba mata ruwa kullum, injinta kusan ba ya hutawa: a ba ta kilowat-awa 3 a yini. Fanka biyu masu wat 60, awa goma, 1.2. Fitilu biyar masu wat 10, awa shida, 0.3. Talabijin 0.3, cajin waya ashirin 0.3. Sai wanda ba a taɓa rubutawa a takardar talla: ita kanta ondila tana cin wat 30 zuwa 40 ko ba a kunna komai ba, wato kusan 0.8 a yini. Jimla kusan kilowat-awa 6.

Panno huɗu wat 1,800 ne a rubuce. Damagaram na da rana mai ƙarfi, a lissafa da awa biyar da rabi na cikakkiyar rana, a cire kashi 30 cikin ɗari na asarar zafi, waya da caji, sai a samu kusan kilowat-awa 7. Ya wuce buƙata. A nan babu abin zargi.

Yanzu batir. Litiyom mai bolt 25.6 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da kilowat-awa 2.56, wanda za a iya amfani da kusan 2.3. Jel biyu kuwa 4.8 ne a rubuce, amma jel batirin dalma ne, kuma ba a sauke shi ƙasa da rabi idan ana son ya yi kwana, saboda haka 2.4 ne. Kusan daidai suke ke nan, duk da mai sayarwa zai nuna maka lambar 200 ya ce ta fi 100. Daga magariba, firiza da fanka biyu da fitilu da talabijin suna jan wajen wat 350. A haɗa da asarar ondila da abin da take ci, batir na ba da wat 425. Raba 2,300 da 425, awa biyar da ƴan mintuna. Wanda rana ta bar masa panno ƙarfe shida zai ji ondila na kuka kafin sha biyun dare, daidai lokacin da ɗaki ya fi riƙe zafi kuma yara suka fi buƙatar fanka. Wannan da sabon batir ke nan, ranar da aka ɗaura shi.

Akwai dabarar da ke sa haɗin ya kai safiya ba tare da ƙarin kaya ba, kuma abin takaici ne yadda ba a koya wa masu saye ita. A sa wa firiza agogon kashewa, irin ƙaramin nan da ake soka wa a soket, ta kama aiki ƙarfe takwas na safe ta tsaya biyar da rabi na yamma. A jera robobin ruwa a ƙasanta su daskare da rana, su ne za su riƙe sanyi da dare, a kuma rage buɗe murfi bayan isha'i. Da an cire firiza daga nauyin dare, batir zai ɗauki fitilu, talabijin da fanka biyu har sha ɗaya, ya kuma bar abin da zai juya fanka ɗaya har gari ya waye. Ga mai sayar da ruwan leda mai sanyi, lemo, zoɓo ko fura da nono, wannan ya wadatar. Ga Hajiya mai sana'ar ƙanƙara bai wadatar ba. Mayar da kilo ɗaya na ruwa mai zafin digiri 30 ya zama ƙanƙara yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na kilowat-awa, ban da abin da firiza ke kashewa wajen riƙe sanyinta. Firizar da ta yi awa tara ko goma kacal ba za ta fitar da abin kirki ba, kuma ko ta kwana tana aiki, kilo ashirin zuwa ashirin da biyar ne iyakarta a yini. Mai wannan sana'a batir biyu na litiyom take buƙata tun ranar farko, da panno shida, kuma gara a faɗa mata gaskiya da a bar ta ta gano a watan azumi, lokacin da cinikin shekara yake.

Tsakanin jel da litiyom, a yanayinmu, ba mu ga abin jayayya ba. Ana auna rayuwar batirin dalma ne a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma yana raba kwanansa biyu. Shagon kwano a Damagaram yana wuce digiri 40 makonni a jere. Je ka duba bayan kanta a irin waɗannan shaguna: batir biyu a ƙasa, kusa da injin firiza da ke huro musu iska mai zafi, gefensu ya kumbura kamar burodi, kan sandunan ya yi farin gari mai ɗan kore, idan ka ɗora tafin hannu da la'asar sai ka ɗauke. Irin wannan ba ya kai shekara biyu, wani ma shekara ɗaya da rabi. Ma'ana batirin zai mutu kafin a gama biyan bashinsa, mai shago ya shiga biyan kuɗin wata na abin da ba ya aiki, ga kuma kuɗin sabo. Ƙarin abin da ke kashe shi da wuri shi ne saitin caji. Jel na bolt 24 ana cika shi a wajen 28.2 zuwa 28.8 idan yanayi digiri 25 ne, amma a digiri 40 sai an rage kusan rabin bolt. Ondila da yawa ana barin su yadda suka fito daga kwali, suna dafa batir kullum da rana tsaka.

Litiyom na nau'in LiFePO4 ya fi jure sauka da hawa, masu ƙera shi suna rubuta zagayen cikawa da saukewa dubu uku zuwa shida, kuma ko an rage don zafi zai wuce wa'adin bashi da nisa. Shi ma ba ya son zafi, don haka a nema masa ɗakin ƙasa ko lungun da iska ke ratsawa, a ɗaga shi daga ƙasa, nesa da bayan firiza. A saita cikawa a 28 zuwa 28.4, riƙewa a 27, yankewa a wajen 24. Matsalarsa ta dabam ce: ba ka ganin abin da ke cikin akwati. Akwai waɗanda aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyi aka yi musu sabon fenti. Gwaji mai sauƙi shi ne a cika shi fal, a cire panno, a kunna abin da aka san nauyinsa, misali kaya masu jan wat 500, a duba agogo. Na gaskiya zai yi kusan awa huɗu. Wanda ya mutu a awa biyu ba amfiya-awa 100 ba ne, ko me aka manna a jikinsa. A nemi a yi wannan gwajin a makon farko, a kuma rubuta a takarda cewa idan bai kai ba za a canza. Na jel kuwa sikeli ke tona shi: na gaskiya mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana kai kilo 55 zuwa 65. Idan yaro ɗaya ya sungume shi ya sa a Adaidaita ba tare da nishi ba, dalmar cikinsa ba ta kai ba.

Panno shi ne ɓangaren da ya fi samun yabo a wurinmu, in dai na gaskiya ne. Shi ma tef ɗin awo ke raba gardama. Murabba'in mita ɗaya na panno na zamani yana ba da wat 200 zuwa 220. Mai wat 450 tsawonsa ya ɗan haura mita biyu, faɗinsa mita ɗaya da ɗan kai, nauyinsa wajen kilo 23. Idan aka kawo maka wanda bai kai tsawon mutum ba an rubuta masa 500, takardar baya ce kawai aka sauya. A kafa shi yana kallon kudu, a karkace kamar digiri 15, tunda garin yana wajen digiri 14 ne arewa da tsakiyar duniya. Kada a kwantar da shi a kan kwano. A bar tazarar taƙi guda aƙalla iska ta bi ta ƙasa, domin fuskarsa tana kai digiri 65 zuwa 70 da azahar, kuma duk digiri ɗaya sama da 25 yana rage kusan kashi 0.35 cikin ɗari. Wannan kaɗai asarar kashi 15 ce, ba sai an ƙara mata ba.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris, mako ɗaya ya isa ka rubuta sunanka da yatsa a kan gilashin, kuma panno da aka bari wata guda a hunturu yana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa. Kilowat-awa 7 ɗin nan ta koma 5, ƙasa da buƙata, batir ya daina cika, mai shago ya ce an sayar masa da jabu. A garin da ake sayen ruwa jarka-jarka wurin ƴan garuwa ba za a ce a riƙa kwarara ruwa a rufi ba, kuma ba a buƙatar haka. A kaɗe da busasshen tsumma mai laushi a kan sanda duk kwana biyu ko uku, sannan sau ɗaya a mako a goge da ruwan da bai wuce buta biyu ba, da sassafe kafin gilashi ya yi zafi. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. Ban da omo, ban da soso mai kaushi. Wannan yana nufin a kafa panno inda hannu zai kai. Wanda aka ɗora a ƙololuwar rufi babu tsani ba za a taɓa share shi ba. A kula da kashin tsuntsu da inuwar eriya ko reshen dogon yaro, domin inuwa a kan ƙwaya kaɗan tana jan layin duka ƙasa.

Wurin ɗaurawa ne aka fi yin aikin ganin ido. Iskar da ke gaban ruwan farko a watan Yuni tana ɗaga kwano da abin da ke kansa, saboda haka ƙarfen panno ya kama katako ko ƙarfen rufi da ƙusa mai noti, ba kwanon kaɗai ba, kuma ba da wayar ɗauri ba. A gidajen soro irin na Birni kada a huda rufin ƙasa, damina za ta biyo ramin. A yi ƙafafu masu nauyin siminti a ajiye, ba tare da an tare hanyar indararo ba, ko a kafa a tsakar gida.

Ondilar da ke zuwa cikin haɗin matsakaiciya ce, tana aikinta. Abu uku ne za a duba. Na ɗaya, kVA 3 a yawancinsu wat 2,400 ne, ba 3,000 ba, kuma injin firiza yana fizgar ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci a daidai lokacin tashi, don haka firiza biyu da famfon ruwa su tashi tare sai ta yanke. Dutsen guga da hita ba su da wuri a nan. Na biyu, a tabbatar abin da ke cajin batir daga panno a cikinta nau'in MPPT ne, ba nau'in PWM ba, domin PWM da irin waɗannan manyan panno yana zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsu. Na uku shi ne wanda ke ƙona kaya: iyakar bolt da take karɓa daga panno. Kowane panno mai wat 450 yana ba da kusan bolt 50 idan babu nauyi a kansa. Akwai ondila mai karɓar 450 ko 500, ita ana jera mata huɗun a layi ɗaya. Akwai mai iyakar 145, ita sai biyu-biyu. Wanda ya jera mata uku ya kai 150, kuma da sanyin asubar Janairu bolt ɗin yana ƙara hawa. Lambar tana rubuce a gefen akwatin, karantawa ce ba a yi.

Waya kuma a kankare ta da wuƙa kafin a biya. Idan jan ya tafi fari ya bayyana, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, zai yi zafi ya saki a wurin ɗauri. Tsakanin batir da ondila ana iya jan amfiya ɗari, don haka sai waya mai kaurin murabba'in milimita 25 zuwa 35, gajera, kada ta wuce mita ɗaya da rabi, da fis na amfiya 125 a kusa da batir. Daga panno murabba'in milimita 4 zuwa 6, irin mai jure rana, da mahaɗan MC4 da aka matse da abin matsewa, ba a murɗa da hannu a naɗe da salatif ba. Mahaɗin da bai kama ba yakan narke ya yi baƙi, wani lokaci ƙaurin roba ne ke fara sanar da mai gida. Abin kare tsawa da sandar ƙasa su ne aka fi tsallakewa don a rage farashi. Ƙasar Damagaram dutse ce da busasshen yashi, sanda ɗaya gajera ba ta yin komai. A kafa ta inda ƙasa ke samun danshi, a zurfafa, in ta kama a yi biyu a haɗa.

Mu koma kan takardar bashi, domin a nan ma akwai abin da ba a bayyanawa. A ɗauki misali, ba farashin kowa ba: haɗin ya tsaya miliyan ɗaya da jika 500, an ba da jika 300 a hannu, saura miliyan ɗaya da jika 200 a wata 24, an ce kashi 12 cikin ɗari a shekara. Idan ana lissafa ruwan a kan abin da ya rage bayan kowane biya, kuɗin wata jika 56 da rabi ne, ƙarin duka wajen jika 156. Idan kuwa a kan uwar kuɗin farko ake lissafawa har ƙarshe, kuɗin wata jika 62 ne, ƙarin jika 288. Dukansu "sha biyu" ake kiransu, amma na biyun a haƙiƙa ya haura kashi 21. Ƙa'idar da aka sa a ƙasashen sefa na yammacin Afirka a 2014 ta tsayar da iyaka a kashi 15 ga bankuna, 24 ga asusun ƙananan rance, kuma ana auna ta da abin da ake kira TEG, wato ainihin kason ruwa a shekara, wanda ya haɗa kuɗin dosiye da sauran caji. Malam, ka nemi a rubuta maka TEG da jimlar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe, a lamba ɗaya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ruwa ba ya tambayi tsarin murabaha, inda mai ba da kuɗi ke sayen kayan ya sayar maka a farashi ƙayyadadde. Shi ma a duba jimlar, a kuma tambayi abin da zai faru idan wata ɗaya ya kuɓuce.

Shin ya biya kuɗinsa? Ga wanda ba shi da layin NIGELEC kuma da janareto yake aiki, e. Ƙaramin janareto da ke riƙe firiza da fanka yana shan aƙalla lita huɗu a yini. A farashin sefa 499 da aka sa wa litar esansi a watan Yuli na 2024, jika biyu ke nan kullum, jika 60 a wata, ban da baƙin mai da gyara. Kusan daidai da kuɗin wata na bashin, da bambancin cewa bashi yana ƙarewa. Ga mai shago a ƙauyukan Mirya, Magarya ko Matamaye da waya ba ta kai ba, haɗin litiyom ciniki ne mai kyau. Ga wanda ke da konta a cikin gari lissafin ya sauya. Wutar NIGELEC ta fi araha idan tana nan, don haka abin da yake saye kariya ce daga yankewa. Shi panno biyu ko uku sun ishe shi, ya mayar da rarar kuɗin kan batir, a saita ondila ta fara da rana, ta koma layi idan batir ya sauka rabi, ta ajiye sauran don lokacin da aka ɗauke.

Inda wannan kasuwa ta fi rauni shi ne bayan an ɗaura an tafi. Garantin shekara 25 da ake ambata na panno ne, kuma alƙawarin masana'anta ne a Sin cewa ƙarfinsa ba zai faɗi ƙasa da wani kaso ba, ba alƙawarin mai shagon da ya sayar maka ba. Abin da ke lalacewa ondila ce da batir, su kuwa nasu shekara ɗaya ne ko biyu, wani lokaci da baki kawai. Ƙananan kit na fitila da talabijin suna da tantancewar inganci ta VeraSol, wadda ta gaji Lighting Global, kuma shirye-shiryen Bankin Duniya suna neman ta. Babban haɗi irin wannan da ake tattaro sassansa daga wurare dabam-dabam ba shi da hatimi ɗaya da ya rufe shi duka. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya na daɗewa a hanya, da yawa kuma ta Kano suke shigowa, to idan allon cikin ondila ya ƙone, wa zai kawo wani, cikin kwana nawa? Firiza cike da kaya ba ta jiran mako uku. Wannan ƙasa ce da Farfesa Abdu Mumuni Diofo ya jagoranci ofishin makamashin rana tun 1965, kuma ga matasa masu karatun lantarki a garin nan. Da masu ba da rancen sun ware kaso kaɗan na kowane haɗi don ziyarar ma'aikaci sau biyu a shekara da ajiye kayan gyara a cikin Damagaram, da bashin da ba a biya ya ragu, domin mutum ba ya jin daɗin biyan kuɗin abin da ya mutu.

Kafin wannan ya samu, mai saye ne zai nema da kansa. A rubuta lambar jikin batir da ta ondila a kan rasit. A rubuta tsawon garantin kowane ɗaya dabam, da wanda zai ɗauki kuɗin kai da kawowa, da ko za a ba ka aron ondila yayin da ake gyara taka. A sa mai ɗaurawa ya rubuta saitin da ya yi a takarda ya manna a bango kusa da akwatin, don wanda zai zo bayansa. A riƙe wani abu daga kuɗin aiki har kayan su kwana bakwai suna aiki, a cikinsu a yi gwajin batir. Idan kuɗin hannu bai kai litiyom biyu ba, a ɗauki ɗaya daga nau'in da ake iya ƙara masa ɗan'uwa a gefe, a tabbatar mai sayarwa zai samo irinsa, a kuma ƙara shi cikin shekarar farko, tun tsohon bai yi nisa da sabon ba.